Awon Lodin Jirgin Fito: Tarihin Ƙayyade Kaya da Rajistar Tsofaffin Jirage a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigin gulbi ranar kasuwa da tsakiyar damina ya san tambayar da akan yi kafin a tunkuɗa jirgi: shin ya cika, ko kuwa zai ƙara ɗaukar mutum guda? Tambaya ce mai sauƙi a baki, amma rayuka ne suke rataye a kan amsarta. A ƙasashen da ake ƙera jirage a masana'anta, an daɗe da rubuta amsar a jikin wani ɗan allon ƙarfe da ake kafawa kusa da mazaunin matuƙi, wanda yake nuna yawan mutane da nauyin kayan da jirgin zai iya ɗauka. Shi ne za a riƙa kira allon lodi a cikin wannan maƙala.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe kuwa, kwalekwalen da ake fito da shi ba daga masana'anta ya fito ba, kuma sau da yawa ya daɗe yana aiki kafin dokar da ake son a yi masa rajista da ita ta zo. Manufar maƙalar ita ce bin diddigin yadda aka riƙa ƙayyade lodin jirgi a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa, da yadda hukuma ta shigo da rajista, da kuma dalilin da ya sa tsohon jirgi ya faɗa tsakanin tsari biyu, watau na gargajiya wanda ya raunana, da na zamani wanda bai gama isowa ba.

2.0 Ƙasar da Ruwayenta

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne da ke kudancin Jihar Sakkwato. Tambuwal tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kuma ta yi suna a tarihin Daular Usmaniyya saboda a nan ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ya tsare wannan gefe na daular. Kebbe tana kudu da ita, tana iyaka da ƙasar Gummi ta Jihar Zamfara daga gabas. Kada a rikita sunan Kebbe da na Kabi, tsohuwar daular Kanta wadda Jihar Kebbi ta samo suna daga gare ta a 1991.

Babban ruwan yankin shi ne Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Kabi a kan hanyarsa ta zuwa Kwara. Ban da shi akwai tafukka da fadamu, irin su tafkin Romo a ƙasar Tambuwal. Halin waɗannan ruwaye shi ne mabuɗin fahimtar batun da ake magana a kai. Da rani gulbi yakan janye, har a wurare da yawa mutum ya ƙetare da ƙafa. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa sai ya cika ya batse, ya raba manomi da gonarsa, ya raba ƙauye da kasuwarsa. Saboda haka fito sana'a ce ta 'yan watanni, jirgi kuma yakan yi dogon zama ba aiki, sa'an nan a dawo masa da buƙata gaba ɗaya, a daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi.

3.0 Lokacin da Ma'auni Yake a Idon Ɗan Fito

Sassaƙa jirgi tsohuwar sana'a ce a wannan sashe na Afirka. Kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a Jihar Yobe ta yanzu, an ƙiyasta shekarunsa sun kai 8,000, tsawonsa kuma ya zarce mita 8. A ƙasar Kabi, ruwayoyin baka sun ce Kanta, a ƙarni na 16, yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya fadamun ƙasarsa da shi in damina ta yi. Ko mene ne matsayin ruwayar a wajen masana tarihi, ta nuna cewa jirgi yana da alaƙa da mulki tun da daɗewa.

A tsarin sarautun sana'a na ƙasar Hausa, ruwa yana hannun Sarkin Ruwa. Shi ne shugaban masunta da 'yan fito, shi yake buɗe su, shi yake hanawa, shi ake kira in wani ya nutse, kuma ta hannunsa rabon sarki yake bi daga kuɗin fito. Galibi sana'ar gado ce, musamman a tsakanin Sarkawa da Kabawa. Yaro yakan tashi a bakin ruwa, ya fara da kwalfe ruwan da ya shiga jirgi, ya koyi riƙe filafili da gwangwala, kafin a yarda ya ɗauki ran wani.

A wannan tsari ba a rubuta lodin jirgi, amma an san shi. Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya na maɗaci ko wani babban itace, girman itacen ne iyakarsa, ba yadda za a yi a ƙara masa faɗi. Ɗan fito yana duban tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, ya haɗa ta da ƙarfin igiyar ruwa a ranar, da iska, da irin kayan da aka ɗora, ko buhuna ne masu zama wuri ɗaya, ko dabbobi ne masu motsi. Watau ma'aunin ba lamba ɗaya ba ce tsayayya, hukunci ne da ake sakewa a kowane ƙetare. Abin da ya ba hukuncin ƙarfi shi ne, mai yanke shi sananne ne, yana da na gaba da shi, kuma sunan gidansu ne zai ɓaci in aka yi asara.

Shari'a ma ba ta bar batun ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Gwandu sun yi bayani a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa mai jirgi ba ya cancantar lada sai ya isar da abin da ya ɗauka. Muhtasar na Halil kuma ya ɗauke wa matuƙi ramuwa in jirginsa ya nutse alhali ya yi abin da aka saba yi a sana'ar. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ƙetare iyakar da masu sana'a suka sani, ramuwa ta hau kansa. Har ila yau malaman mazhabar sun halatta zubar da kaya a ruwa in an ji tsoron nutsewa, amma ban da ɗan'adam. Ashe ke nan al'ada ce take faɗin iyaka, shari'a kuma ta hukunta wanda ya wuce ta.

4.0 Rajistar Farko: Ta Haraji

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A cikin hanyoyin samun kuɗin shiga da gwamnatin Lugga ta ƙirƙiro a waɗannan shekaru akwai kuɗin fito na ayarin fatake, da kuma lasisin jiragen ruwa, wanda ake biya gwargwadon girman jirgi. Ya fi shafar manyan jiragen fatauci na Kwara da Binuwai, kuma bai daɗe ba, domin an soke shi tare da harajin ayari a 1907, zamanin Gwamna Girouard. Duk da haka yana da muhimmanci a tarihin wannan batu, saboda karo na farko da hukuma ta zo auna jirgin talaka, don ta karɓi kuɗi ta zo. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yadda mai jirgi yake ɗari-ɗari da kalmar rajista ba.

Sashen jiragen ruwa na gwamnatin Arewa yana Lokoja ne, hankalinsa kuma yana kan jiragen tururi da share hanyarsu a manyan koguna. Ƙananan mashigai irin na Gulbin Zamfara an bar su a hannun Hukumar En'e, watau daga hakimi zuwa dagaci zuwa Sarkin Ruwa. Ta haka tsarin gargajiya ya ci gaba da aiki, yana kuma da ɗan doka da kotun alƙali a bayansa. A tsakiyar shekarun 1950 aka ware Sashen Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, shi ma da mazauninsa a Lokoja.

Rauni ya fara shigowa ne bayan juyin mulkin 1966, lokacin da aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da masu sarauta masu ba da shawara. Sarkin Ruwa ya ci gaba da riƙe rawaninsa da girmansa, amma ikon hana jirgi tashi ya zama sai dai lallashi. A 1997 Doka ta 13 ta kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, watau NIWA, aka ba ta ikon yi wa jirage rajista da bincikar lafiyarsu. Sai dai tsakanin Lokoja da mashigin wani ƙauye a Kebbe akwai tafiya mai nisa.

5.0 Asalin Allon Lodi

Don a gane abin da dokar zamani take nema, ya kamata a duba inda tunanin ya samo asali. A Ingila ta ƙarni na 19, waɗansu masu jiragen teku sukan cika tsofaffin jirage da kaya fiye da kima, bayan sun yi musu inshora, ta yadda ko jirgi ya nutse ba su yi asara ba, sai dai ma'aikatan ciki su halaka. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta gwagwarmaya har aka yi dokar 1876, wadda ta tilasta zana alama a jikin jirgi: da'ira da layi ya ratsa ta, kuma in ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce iyaka. Abin lura shi ne, da farko mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana layin, sai a 1890 hukuma ta karɓi wannan aiki. Daga baya yarjejeniyoyin duniya na 1930 da 1966 suka daidaita tsarin, da layuka dabam-dabam don ruwan gishiri da ruwan daɗi, da lokacin zafi da na hunturu. Watau su ma sun yarda da abin da ɗan fito ya sani, cewa lodin jirgi yana bin halin ruwa da lokacin shekara.

Allon lodi na ƙananan jirage kuwa a Amurka ya fi bayyana. Bayan dokar kiyaye lafiyar jirage ta 1971, an wajabta wa masana'antu kafa allon a jikin jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, waɗanda aka ƙera daga 1 ga Nuwamba, 1972. Allon yana nuna yawan mutane, da jimlar nauyi, da iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura. Akwai abubuwa biyu a nan masu amfani ga batun Tambuwal da Kebbe. Na farko, nauyin yana kan maƙerin jirgi ne, saboda haka jirgin da aka ƙera kafin wannan rana ba a tilasta masa allon ba a dokar tarayya, jihohi ne suke yi masa rajista bisa nasu sharuɗɗa. Na biyu, dokar ta keɓe kwalekwale da jiragen filafilan iska da na roba masu hurawa, ba ta shafe su ba.

Ga mai jirgin da ba shi da allo, akwai wani ɗan lissafi da ake koyarwa a can: a ninka tsawo da faɗi a ma'aunin ƙafa, a raba da 15, abin da ya fito shi ne yawan mutane, in an ɗauki nauyin kowane mutum kamar kilo 68, ruwa kuma yana kwance. Alal misali, jirgi mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 4 zai ba da mutum 8. Lissafin ba don kwalekwalen fito aka yi shi ba, amma ya isa ya sa mai karatu ya yi tunani in ya tuna yawan mutanen da yakan gani a cikin jirgi mai irin wannan girma ranar kasuwa.

6.0 Tsohon Jirgi Tsakanin Tsari Biyu

Yayin da ikon Sarkin Ruwa yake raguwa, shi kansa jirgin ya sake kama. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, sai jirgin katako da ƙusa ya maye gurbin na sassaƙe a wurare da yawa. Jirgin katako ya fi faɗi, ya fi ɗaukar kaya, ana kuma iya ɗaura masa inji, amma yana da gaɓoɓi, kowace gaɓa kuwa ƙofa ce ga ruwa. Kayan da ake ɗorawa ma sun sake: babura da buhunan taki da na shinkafa sun shigo. Bugu da ƙari, madatsun ruwa da aka gina, irin su Bakolori a 1978 da Goronyo da Shagari, sun kawo ruwa mai zurfi a ƙofar manoman da ba su gaji fito ba. Jama'a ta ƙaru, jirage ba su ƙaru daidai da ita ba, kuma in mutane sun taru a gaɓa kowa yana sauri, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sakamakon ya bayyana a maƙwabtan Tambuwal da Kebbe ta kowane gefe. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Warra a Jihar Kebbi ya tarwatse a Kwara, aka rasa fiye da mutum 100. A Nuwamba na shekarar mutum 29 suka rasu a Bagwai ta Jihar Kano, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A Afrilun 2022 mutum 29 suka nutse a Gidan Magana ta ƙasar Shagari, wadda take iyaka da Tambuwal, akasarinsu yara ne masu zuwa itace. A Mayun 2023 yara 15 suka rasu a Dandeji, duk a ƙasar Shagari. A Satumban 2024 jirgin manoma ya kife a Gummi, maƙwabciyar Kebbe, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Agustan 2025 kuma wani ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo. A kusan duka waɗannan, bayanin da hukumomi suka bayar ya ambaci lodi fiye da kima. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gwamnatin tarayya ta fitar da Ƙa'idojin Sufurin Ruwa na Cikin Gida na 2023, aka ƙaddamar da su a 2024. Sun wajabta rajista da sanya rigar ceto, sun hana tafiyar dare da wuce iyakar lodi, sun kuma tanadi hukunci. A nan ne matsalar tsohon jirgi take fitowa fili. Hana wuce iyaka yana buƙatar a san iyakar tukuna. Jirgin da kafinta ya haɗa a bakin gulbi ba shi da takardar masana'anta, ba shi da ranar ƙira a rubuce, wataƙila ma ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso ga mai shi na yanzu. In jami'i ya tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, ya rubuta abin da aka faɗa masa, to an koma halin da Ingila take ciki kafin 1890.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi wannan zurfi. Allon masana'anta yana faɗin ƙarfin jirgi ne a ranar da aka gama shi, katako kuwa ba ya zama a halin da aka same shi. Yana shan ruwa ya ƙara nauyi, yana bushewa da rani ya tsage, ƙusa tana tsatsa, ana toshe ɓaraka da tsumma da kwalta da fallen gwangwani. Ruwan da ya taru a cikin jirgi lodi ne shi ma, ya kuma fi kowane lodi haɗari, domin yana gangarawa duk gefen da jirgi ya karkata. Saboda haka jirgin da ya ɗauki mutum 20 yana sabo, ba lalle ne ya iya ɗaukar su bayan damina biyar ba. Lambar da aka kafa sau ɗaya aka manta da ita tana iya zama shaidar zur a jikin tsohon jirgi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙayyade lodi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Da can yana hannun mutum, wanda ya san jirgi ya san ruwa, kuma yana da ikon cewa ya isa. Tsarin zamani ya mayar da shi rubutu, wanda kowa zai iya gani ya kuma kafa hujja da shi. Kowanne yana da gurbin da ɗayan yake cikewa: idon ɗan fito yana bin sauyin ruwa amma ana iya rinjayarsa da roƙo ko da kuɗi, rubutu ba ya jin roƙo amma bai san jirgi ya tsufa ba.

Tarihin ya nuna hanyar da ta fi dacewa da tsohon jirgi, watau a auna shi yadda yake a yau. Ana iya yin haka a bakin gulbi da kayan da ke akwai: a riƙa ɗora buhuna masu sanannen nauyi, kamar buhun taki mai kilo 50, har jirgi ya kai tazarar da jami'in hukuma da Sarkin Ruwa suka yarda da ita, sa'an nan a ja layi da fenti, a rubuta yawan mutane da boko da ajami. A sake awon kowace shekara kafin ruwa ya kawo, a kuma raba shi da karɓar haraji, don kada mai jirgi ya ɓoye jirginsa. Layin fenti yana da fa'idar da allon ƙarfe ba shi da ita a wannan yanki, domin ko wadda ba ta yi karatu ba za ta iya dubansa kafin ta sa ɗanta a ciki.

Ga masu nazarin harshe da al'ada kuma akwai aiki a gaba. Ilimin awon jirgi da 'yan fito suka gada, da kalmomin da suke kiran sassan jirgi da halayen ruwa a karin harshen Sakkwato da Kabi, suna bakin dattawa ne a mashigan Gulbin Zamfara. Tattara su a rubuce, tun masu su suna raye, zai amfani ƙamus, zai kuma amfani duk wanda aka ɗora wa alhakin rubuta lamba a jikin jirgi.